Ɗakin Jego a Tsohuwar Unguwa

Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas.

Mashinshini ke nan, na'urar awo da Tasalla ta haɗa da hannunta, yake aiki a kan tabarmarta. Bututu ne kamar yatsa, duk sanda ƙwayar ɓoyayyen haske, wanda masana ke kira radiyeshin, ta ratsa shi sai ya yi bugu ɗaya. Amma bututu bai iya ƙirga ba. Dole sai an haɗa shi da 'yar ƙwaƙwalwa, wani allo da bai fi akwatin ashana ba, irin wanda masu sha'awar haɗe-haɗe ke saye a kasuwa. Ga kuma inda gizo ke saƙar: bututu yana cin wutar lantarki bolt ɗari huɗu, 'yar ƙwaƙwalwa kuwa ko biyar aka ɗura mata sai ta mutu. Biyu Tasalla ta ƙona kafin ta liƙa kafasita da resista, 'yan kayan rage ƙarfin wuta, a tsakani, bugun ya riƙa isowa da ladabi.

Shekara talatin ta yi tana gyaran lantarki a Tudun Ma'adini, birnin da ya tashi a kan ramin yuraniyom, ma'adinin da ke fitar da ɓoyayyen hasken nan mai cutarwa. Da ramin ya ƙare, mutane suka koma dogayen benaye na Sabon Tudu, inda inji ke tace iska, inji ke dafa tuwo. A layinsu ita kaɗai ta rage, sai kaji huɗu da kabarin mijinta, Malam Ɗanjuma, a bayan gari. Wani lokaci sai ta wuni ba ta ji sallamar kowa ba. Kaɗaici kam ya ci ta, ba ta ɓoyewa.

To ga 'yarta Rumasa'u ta yi haihuwar fari, kuma kowa ya san a gaban uwa ake wankan jego. Sai dai ƙofar Sabon Tudu ba ta barin jariri ya fita zuwa tsohuwar unguwa sai na'ura ta shaida bugun gidan bai kai talatin a minti ba.

Allon ya nuna ashirin da biyu. Tasalla ta rangaɗa guɗa, kaji suka watse. Ta tura lambar, nan da nan waya ta yi ƙara.

"Inna, ƙofa ta amince! Asabar muna tafe."

"Allah ya kawo ku lafiya. Na jiƙa gero, na samo kanwa. Ganyen darbejiya kuwa sai kin ce ya isa."

Ranar Juma'a da hantsi ta buɗe ɗakin jego don ta share. Malam Ɗanjuma ne ya gina shi da hannunsa, har da gadon ƙasa mai murhu a ƙarƙashi don gasa mai jego. Da yashin bakin ramin yuraniyom ya yi, kamar yadda kowa ya yi a lokacin, tunda ga shi nan tsibi-tsibi kyauta, wa zai je rafi? A kan gadon nan ya yi jinyar ƙirjinsa shekara biyu, wai ɗumin yana masa daɗi.

Sai ta tuna a tsakar gida kawai ta auna, don wayar wuta iyakarta ke nan. Ba wanda ya tambaye ta, ƙofa ma ta riga ta amince. Amma karambanin ma'aikaci bai bar ta ba. Ta ƙara waya kamu shida, ta ɗora mashinshini a kan gadon.

Babu sauran ƙas-ƙas. Ƙara ce ɗaya kamar ruwa a kan kwano. Ɗari tara. Dubu da ɗari biyu. Ta ce ai haɗinta ne ya kwance, ta sake dalma, ta canja resista. Ta kai shi bangon ɗakinta, ɗari bakwai. Bangon madafi, ɗari shida.

Ta zauna a bakin gadon, ta tashi zumbur, ta rasa inda za ta zauna a gidanta. Idan ta yi shiru, gobe gidan nan zai cika da kukan jariri har kwana arba'in. Wallahi ta so ta yi shirun.

Ta kira.

"Inna, mun ɗaure kaya. Kin ji shi ma yana miki kuka."

"Na ji shi. Ke, kwance kayan nan."

"Lafiya?"

"Ki yi wankanki a injin asibiti. Kada ki kawo mini shi gidan nan, ko bana ko baɗi."

"To ke ki zo mana, Inna."

"In zo da wane zane? Komai nawa a ɗakunan nan ya kwana." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Matso da shi kusa da wayar, in ƙara ji."