Ƙugiya a Jakar Mai Hoto

Rana ta take tsaka aka bugo wa Sufeto Hamman waya: an ga baƙar jakar goyo a ƙarƙashin benci a tashar mota, jama'a sun watse da gudu. Shekarar da mutanen Mubi suka dawo daga gudun hijira ce, jakar da ba mai ita ta fi bindiga ban tsoro.

Masu kwance bam suka buɗe ta. Ba bam. Kyamara ce, da sandar fatsa mai naɗewa, da gwangwanin tana. A cikin murfin an rubuta sunan Destiny, mai hoto a Nassarawo.

Hamman ya riga matasan tasha isa shagon Destiny da ƙyar. Suna tafe da gorori ya tura mai hoton cikin mota.

"Oga, sace ta aka yi," in ji Destiny a ofis. "Jiya na hau duwatsun bayan Gude, na gangara mayo, rafin nan, kamun kifi. Na ajiye ta gindin itace na zagaya. Da na dawo, babu."

"Wa ka gani a wurin?"

"Mata masu wanki. Na ɗauke su hoto, da yardarsu."

"Wa ya san za ka je?"

"Adi, abokina. Kullum tare muke hawa. Jiya ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi."

Hamman ya juya kyamarar a hannunsa. Wane ɓarawo ne zai bar wannan?

"Ina katin hotunan?"

"Ya cika, na sa shi a ƙaramin aljihu, wurin ƙugiyoyi."

Sufeto ya zuge aljihun a hankali. Babu kati. Sai busasshen jini a jikin yadin.

A Gude ya samu ɗaya daga cikin matan tana shanyar masara. Salome ce, matar Adi.

"Ya ɗauke mu, Yallaɓai," ta ce. "Garin ja da baya ya zame ya faɗa ruwa, muka yi ta dariya."

"Yaya jikin maigidan?"

"Jiki? Lafiyarsa lau. Gona ya wuni jiya."

Suna cikin magana Adi ya shigo, hannun dama a aljihu.

"Rabona da mayo tun kafin damina," ya ce kafin a tambaye shi.

"Fito da hannunka."

Ɗan yatsansa na ɗaure da tsumma. "Lauje ne, Oga."

Hamman ya warware tsumman. Ba yanka ba ne. Huda ce ƙarama mai zurfi, bakinta a yage, inda aka fizge ƙugiya.

Adi ya zauna a kan turmi. Can ya zaro katin daga cikin hularsa.

"Na ji za su wanki inda Destiny yake kamun kifi, na bi su, na laɓe bayan dutse," ya ce. "Tun da muka binne ɗanmu a Kamaru, Salome ba ta yi dariya ba. Babu abin da ban gwada ba. Jiya na ji muryarta har kan dutse. Shi ta yi wa."

"Shi ya sa ka kai jakar tasha?"

"Na so a tafi da shi."

"Da matasan tasha sun kashe shi."

"Na sani."

Salome ta toshe baki da gefen zaninta, ta shige ɗaki.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya matso da ankwa. Adi ya miƙa hannu, amma idonsa na kan katin.

"Oga, ka nuna mini hoton. Ba ni da abin da zan saka shi a ciki."

Hamman ya dakatar da kofur. Sannan ya sa aka ɗauko kyamarar daga mota, ya zura katin, ya juyo masa gilashin. Salome ce tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, kanta a baya, haƙora duk a waje.

Adi ya daɗe yana kallo.

"Haka take a da," ya ce.

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.