Ƙafa Shida a Jikin Kart

"Ni na ƙirƙiro wannan dabarar," in ji Safiyanu, yana murmushi a gaban malaman da za su ba shi maki.

Ramlatu na zaune cikin 'yan kallo, tana jin sa.

Wata uku ke nan da ya zo gidansu a Birni, fuska a yamutse. Aikinsa na fita iniversite ya cije. Tankunan ruwa goma sha biyu ne na masu lambu a Gidimuni, kowanne da kaftar, 'yar na'urar da ke aika sauti, ta saurari dawowarsa, ta faɗi inda ruwa ya tsaya. Kowace tana son ƙafa biyu, wato wurin jona waya, a jikin kart, ɗan allon lantarki mai sarrafa su, shi kuwa bakwai suka rage masa.

"Rabin raina, in ba ke ba na faɗi..."

Ajinsu ɗaya, kuma tana son shi. Sati biyu ta yi tana lissafi a kayenta na rubutu kafin ta gano: ta sa 'yan na'urori masu zaɓe a tsakani, kart ya riƙa kiran kaftar ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa shida suka isa. Ita ta haɗa wayoyin, har dalma ta ƙone mata yatsa.

Yau ga zanenta a allo, an goge sunanta. A wurin godiya kuwa Nafisa aka rubuta, ɗiyar wani attajiri ɗan Kano da ya yi masa alkawarin atalye, wato shagon aiki. Nafisar tana zaune a layin gaba, sai faman tauna cingam take.

Wani malami ya gyara tabarau.

"Me ya sa ka bar jinkiri tsakanin kira da kira?"

Safiyanu ya leƙo Ramlatu da idon roƙo, gumi na bin wuyansa.

Ta san amsar: sai amon farko ya mutu ake sakin na biyu. Ta kau da kai.

Da ya fara kame-kame, ta tashi ta fita.

A bakin ƙofar makaranta ya cim mata, ya cafke gefen mayafinta da jiƙaƙƙen hannu.

"Sanyin idona, tsaya... Ai ni da ke ɗaya ne. In mun yi aure, sunana naki ne."

"Ita fa Nafisa?"

"Atalye kawai nake so a wurin ubanta, wallahi. Ko kallo ba ta ishe ni ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Wannan ne wai ta yi shekara biyu tana yi wa kwalliya.

"Ashe mu biyu ka cuta. Sake mini mayafi."

Ta tari kabu-kabu, ba ta waiwaya ba.

A gida ta tarar da Inna, wadda dama ba ta taɓa son Safiyanu ba, tana tsince shinkafa.

"Ya ci?"

"Ban sani ba. Inna, a aika wa mutanensa kada su zo neman auren ran Juma'a."

Inna ba ta tambayi dalili ba. Ramlatu ta cire mayafin da yatsa biyu, ta jefa a bokiti, ta zazzage masa sabulu.