Hannun Hagun Kafinta

"Korarsa aka yi, Auta. Ki daina rufa masa asiri."

"Ni ban rufa wa kowa asiri ba, Yaya. Jiya na ji, kamar yadda ka ji."

Yayan nata ya karya kan motar ya shiga wani layi mai cike da shagunan masu walda. Auta ta mai da fuskarta ga gilashi don kada ya ga yadda idanunta suka kumbura.

Jiya ne aka tsara Dogo zai zo ya gaida Abba, a tsayar da maganar aurensu. Abba ya zauna a falo yana duban ƙofa har ya gaji. Dogo bai zo ba, bai kuma kira ba. Wanda ya zo shi ne Manajan kamfanin sadarwar da Dogo ke wa aiki, mutumin da ya daɗe yana aiko mata da turare tana mayar masa. Ya zauna ya harɗe ƙafa, ya sa fuskar tausayi, ya ce ai Dogo ya yi watanni da barin wurinsu, wai ya buɗe nasa kamfanin a layin masu walda.

Abba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ki je ki gani da idonki. In ƙarya ya gina miki, maganar ta mutu."

"Yanzu kowa ya sayi kwamfuta sai ya ce shi mai kamfani ne," in ji Yaya yana taka birki. "Ga fadar angon naki nan. Ko allon suna babu."

Wani tsohon gareji ne, an jera farantan sola a kan rufinsa. Auta ta tura ƙofa da maganganun da ta kwana tana shiryawa a bakinta.

Sai ta tsaya turus.

A kan teburi akwai wani akwatin gilashi. A cikinsa wani ɗan bakin ƙarfe yana kai da komowa, yana zubo zaren roba siriri kamar gashi, layi bisa layi, ba gaggawa. Abin da ke tasowa daga ƙasan akwatin yatsa ne. Yatsan mutum, da gaɓoɓinsa, har da gurbin farce.

"Ikon Allah..." ta faɗa ba tare da ta sani ba.

"Sanyin idona."

Ta juya. Dogo ne tsaye, rigarsa duk ta yamutse, idanunsa jajir. Zuciyarta ta buga irin bugun da ta saba yi in ta gan shi, ta ji haushin kanta.

"Kada ka kira ni da wannan sunan. Korarka aka yi?"

"Ni na ajiye. Manaja har gida ya biyo ni yana roƙo in dawo."

"Shi ne ka ɓoye min? Kullum ina maka addu'ar ƙarin girma a aikin da ka bari?"

Ya sunkuyar da kai. "Na so sai abin ya tsaya da ƙafarsa. Na ji tsoron Abba ya tambaye ki, ki rasa abin faɗa."

"Ai kuwa jiya na rasa. A gaban Manaja."

"Jiyan fa?" in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ka shanya dattijo a falo, ranka ya daɗe mai kamfani."

Dogo ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi, ya ciro hannun roba fari, cikakke, ya miƙa wa Auta. Ta karɓa a tsorace. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Akwai wani kafinta da injin yankan katako ya cinye wa yatsun hagu," ya ce. "Yadda nake yi, sai in ɗauki hoton hannun mai lafiya da waya ta kowane gefe, kwamfuta ta zana shi, sannan in juya zanen kamar a madubi ya koma na ɗaya gefen. Shekaranjiya hankalina duk yana kan abin da zan ce wa Abba..."

"Sai aka yi yaya?"

"Na manta ban juya ba."

Auta ta dubi abin da ke hannunta. Babban yatsan yana inda nata na dama yake.

"Dama biyu ka yi wa bawan Allah?" Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, soyayya ba ta yi maka adalci ba."

"Sai jiya da rana na lura. Shi kuma yau zai zo daga nesa, na riga na yi masa alkawari. Na sake daga farko, injin nan na akwatin gilashi ya riƙa toshewa, in na matsa komai ya lalace. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, Auta. Me zan ce miki? Ba zan zo ba, ina buga hannu?"

Kafin ta ba shi amsa aka yi sallama. Wani dattijo ne ya shigo, kakkaura, da furfura a gemu, hannunsa na hagu a cikin aljihu.

"Likitan roba, an gama ko in koma?"

"An gama, Baba. Zauna."

Dattijon ya ɗan yi jim ganin baƙi, sannan ya zaro hannun. Tafi ne kawai da guntun babban yatsa. Dogo ya durƙusa a gabansa, ya ɗauko sabon hannun daga kan teburi, ya zura masa a hankali, ya ɗaure maɗaurin a tsintsiyar hannu, ya ja wasu siraran igiyoyi yana gwadawa. Auta ta sha ganinsa da kwat a bayan teburin ofis, amma ba ta taɓa ganin fuskarsa da irin wannan natsuwar ba.

"Lanƙwasa tsintsiyar hannun, Baba."

Dattijon ya lanƙwasa.

Yatsun suka rufe.

Ya miƙe hannun, suka buɗe. Ya sake, suka sake rufewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar an tashe su daga barci.

"Ba ni ƙusa," ya ce da wata irin murya.

Dogo ya ba shi ƙusa da guduma da guntun katako. Yatsun robar suka kama ƙusar, ta tsaya cak. Bugu ɗaya, biyu, ta nutse.

Dattijon ya daɗe yana kallon katakon. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa.

"Tun da abin ya faru matata ke riƙe min ƙusa," ya ce. "Kullum sai mun yi faɗa, wai ina neman in gurgunta ta ita ma." Ya yi dariya yana share ido da kafaɗa. "Yanzu ko na buge yatsa, ba ruwana."

Auta ta waiwaya ta ga Yaya, mai bakin da ba ya mutuwa, ya cire hula yana tsaye baki buɗe.

"Mutum nawa ke jira?" ta tambaya a hankali.

"Da yawa. Wani asibiti ya fara turo min. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, kasuwar ba ta kama ba tukuna. Akwai watan da zan tashi ba komai."

"Yau ka fara faɗa min gaskiya."

"Ki yafe min, sanyin idona. Ba zan ƙara ba."

"In ka ƙara, hannun nan na dama da ka ɓata, da shi zan mare ka."

Kafintan ya dube su, ya dubi Dogo. "Au, ita ce ta sa ka yi min dama biyu? To ai na yafe."

Yaya ya gyara murya, ya mai da hularsa. "Auta, abin ya burge ni, ba zan musa ba. Amma Abba zai tambaye ni abu ɗaya. Mutumin nan ba shi da albashi."

Ta ajiye hannun robar a kan teburi. Ta dubi Dogo da ke durƙushe har yanzu, yana jiran hukuncinta kamar ba shi ne ya gama yin abin al'ajabi ba.

"Ka gaya wa Abba na zo na gani da idona," ta ce, muryarta ba rawa. "Ba shi da albashi, ni ina da shi. Shi zan aura."