Gawa a Kan Tsohuwar Maƙabartar Tungar Gumsu

Da hantsi Insifekta Sunusi ya isa Tungar Gumsu cikin kwalekwalen haya. Mutanen gari na tsaye a gaɓa, sun zuba ido ga wani fili na ruwa a tsakiyar ciyawar kacala. Ruwan ya kwanta shiru, ko tsuntsu bai sauka a kansa ba. A can gawar Bunu masunci take yawo, naɗe cikin koma.

Babu wanda ya yarda ya shiga. Da ƙugiya suka jawo ta.

Rahoton da aka kai ofis a Haɗeja ya ce Bunu ya nutse ne a wajen kamun kifi. Insifekta ya tambayi matar marigayin, Zaituna, wadda ke zaune da tsohon ciki, ko nan mijinta ya saba jefa koma.

"Yallaɓai, a kan mahaifinsa?" in ji ta. "Maƙabartarmu ce a ƙarƙashin ruwan nan. Ko yunwa za ta kashe mu, ba ma cin kifin wurin."

Ta yi masa bayani. Kogi ne iyakar mazaɓarsu. Da kacala ta toshe tsohuwar hanyarsa, sai ya fashe ta gaban gari, ya cinye maƙabarta, ya bar su a ƙetare. Ɗan majalisa ya sayi jirgi mai inji don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti, amma Abdulfattah, mai kula da ofishin mazaɓa, ya ce musu sun fita daga iyaka. Mazaɓar maƙwabta ma ta ce ba ta san da su ba. Bunu ya rantse zai tari ɗan majalisa da bakinsa ran Juma'a, don kada matarsa ta haihu a hanya.

Insifekta ya juya gawar. Akwai rauni a ƙeya. Ya sa aka zaga da shi gefen wurin, ya ga an yanke kacala a jere, yanka mai kyau, ga maiƙon fetur a kan ruwa. A duk tungar babu mai jirgi mai inji.

Ya sami Abdulfattah a mashigar jirage, cikin farar shadda, yana kallon ana sauke buhunan shinkafar 'yan kasuwa daga jirgin marasa lafiya. Irin mutanen nan ne da ake ba amanar jama'a su maishe ta jari, kuma su yi sahun gaba a masallaci.

"Malam Abdulfattah, yaushe rabonka da Tungar Gumsu?"

"Haba Yallaɓai, me zai kai ni? Ba yankinmu ba ne. Jirgin nan bai taɓa ƙetare iyaka ba."

Insifekta ya sa aka ɗaga injin. A jikin farfela akwai wani tsumma da ya naɗe, mai kaurin laka. Ya warware shi a hankali. Ƙyalle ne da a da fari ne, ba ɗinki, ba aljihu. Sai ya nemi Abdulfattah ya raka shi yawo a jirgin, direba ya ja su.

Da suka isa filin ruwan, Insifekta ya ce a kashe inji. Ya shimfiɗa ƙyallen a gwiwar Abdulfattah.

"Ka san mene ne wannan?"

"Tsumma ne."

"Likkafani ne. Farfelarka ce ta tono shi. Kaburbura ne a ƙarƙashinmu, kuma babu ɗan garin nan da ke jefa koma a kansu. Baƙo ne kawai zai kawo Bunu nan ya ce su yake yi."

Abdulfattah ya leƙa ruwan, ya janye hannunsa daga gefen jirgi. Ya ce ya zo ne ya lallashi Bunu kada ya kai ƙara, gardama ta yi zafi, ya buga masa ƙarfen ɗaure jirgi. Ya naɗe gawar da koma, ya zaɓi wurin ya jefa ta ne don ya ga ba kowa.

"Akwai kowa," in ji Insifekta, ya sa masa ankwa.

Suna juyawa sai mata suka fito gaɓa suna ɗaga hannu. Naƙuda ta kama Zaituna. Insifekta ya tura Abdulfattah can ƙarshen jirgi, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiya, ya ce wa direba ya bi ta gefe, kada ya taka maƙabarta. Asibiti aka fara zuwa.