Basamuden da Gariba Ya Tono

Ana dab da kiran magariba, Rafi'atu tana dakan fufu a tsakar gidansu na Buokrom, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu a cikin turmi ya sauka, da jiƙaƙƙiyar jar ƙasa a jikinsa, alhali an kwana goma ba ruwa. Ta ajiye taɓarya. 'Yarta Kausara na zaune bakin famfo ta ƙura wa bango ido, aka kira ta sau uku ba ta waiwayo ba.

Maigidan, Gariba, ya san inda ƙasar ta fito, amma ya ɓoye wa matarsa. Mai gyaran hotuna ne a kasuwar Race Course, irin mutanen da ba su iya barin abu yadda Allah ya yi shi. Makon jiya masu haƙa kwata suka tono ƙasusuwan wani bawan Allah a bayan gidan. Jama'a suka yi salati suka mayar da ƙasa, shi kuwa gogan ya riga ya ɗauki hoto. Ya kumbura ƙoƙon kan a kwamfuta har ya kai girman mota, ya tsayar da Kausara a gefensa 'yar mitsitsiya, ya rubuta wai an tono Basamude. Don raha ya tura wa abokai uku. Kafin Juma'a hoton ya kai Yamai.

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Yarinya ta daina ci, ta daina magana. Tsoro ya ci Gariba, ya ɗauko Malam Yasin.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Kausara ya buɗe da muryar wani tsohon aljani.

"Shekara tamanin ina gadin maƙwabcina da ke kwance a bayan gidan nan. Mutum ne gajere mai kunya. An tsiraita shi, duniya na kallo."

"Me kake so?" in ji Malam.

"A dawo da hoton daga kowane hannu."

"Wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam. Sassauta."



"To zan fita. Amma ranar da hoton ya sake shigowa gidan nan, tare za mu shigo, kuma ba ni da sauran magana da kai."

Kausara ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Gariba ya goge komai, ya fito a bidiyo ya ce ƙarya ya shirya. Mutum goma sha ɗaya suka kalla. Ya ajiye kwando a ƙofa, duk mai shigowa dubiya sai ya bar wayarsa a ciki.

Kwana tara lafiya. Ran na goma da yamma gwaggonsa Hajiya Abibatu ta iso daga Atonsu. Wa zai tare wadda ta goye shi ya ce ta ajiye waya? Haka ta wuce kwandon.

Ta zauna kusa da Kausara, ta shafa kanta, ta kwance bakin zane ta ciro waya.

"Sannu jikata, kin rame paa, sosai. Zo ki ga ikon Allah, abin da aka tono a Makka."

Gariba ya zabura, amma hasken wayar ya riga ya faɗa kan fuskar yarinyar. Kausara ta ɗago kai a hankali, ta dubi ubanta.

"Na dawo," in ji tsohon.