Babu Kowa a Mashayar Dogo

Fitilar na'urar Sa-Ido ta yi kore tun Dokta Barira ba ta ajiye kofin shayinta ba.

"Hanyar gwaji a buɗe take," in ji muryar na'urar. "Ba mutum, ba illa ga muhalli."

Barira ce mai duba muhalli a hukumar gwajin makamai ta birnin Tudun Rana. Sai ta sa hannu ake harba Aradu, makami mai linzamin da ya ninka gudun sauti sau bakwai. In ya keta sama, iskar gabansa kan dunƙule ta fashe, ƙarar ta sauko ƙasa kamar guduma. Don haka aka ƙera Sa-Ido, ta riƙa leƙa hamadar da zai ratsa ta tabbatar ba kowa.

Ta sa hannu a kan gwajin gobe, amma ranta bai kwanta ba. Tun da ta kama aiki fitilar nan ba ta taɓa yin ja ba. Hamada kuwa ba ta rasa rijiya, rijiya ba ta rasa maɗiba.

Ta shiga ofishin yayanta Sallau, babban injiniyan Aradu.

"Yaya, da me Sa-Ido take gane mutum?"

Bai ɗago daga allonsa ba. "Sa hannu aka ba ki. Me ya haɗa ki da cikin inji?"

"Tambaya kawai na yi."

"Na ji. Ya yaran?"

Ta san shi tun suna ƙanana: in ya fara tambayar lafiyar gida a tsakiyar magana, akwai abin da yake rufewa.

Washegari ta ɗauki motar yashi ba ta gaya wa kowa ba, ta bi layin da makamin ke bi. Inda taswira ta nuna fili fetal, nan ta tarar da rijiya da bukkoki da raƙuma a durƙushe. Mashayar Dogo sunan wurin. Wata dattijuwa, Tabawa, ta kawo mata ruwa a ƙwarya. Barira ta gaishe ta, ba amsa, sai da ta ɗaga murya.

"Yi haƙuri, 'yata," in ji Tabawa. "Tun da tsawar rani ta fara kunnen ya tafi. Ba ni kaɗai ba ce. Taguwoyinmu ma ɓari suke yi." Ta ƙura wa motar ido. "Wa ya aiko ki? Bara ma da irinta wasu suka zo, suka ɗauki hotonmu suka tafi."

Barira ta dubi wuyan hannun tsohuwar. Babu tabon ƙwayar shaida, ɗan ƙarfen nan da ake dasa wa duk ɗan birni tun ranar suna. Ashe ita na'urar take ƙirgawa. Wanda ba shi da ita, a wurinta yashi ne.

Da la'asar za a yi harbin. Ta shimfiɗa mayafinta a gindin rijiya ta zauna. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara.

"Fitila ta yi ja," in ji Sallau. "Mutum ɗaya a hanya. Barira, me kike yi a can?"

"Ɗaya ta ce? Ai gindin rijiyar nan cike yake. Yaya, su wa suka zo nan bara?"

"Ba ni na aike su ba."

"Amma ka ga hotunan."

"Ƙuruciyata duk a kan makamin nan ta ƙare. In muka tsaya, maƙwabta ba za su tsaya da ƙera nasu ba. Tashi ki dawo gida."

"Ba inda za ni."

La'asar ta yi, ta wuce, sama shiru. Barira ta fara sakin jiki, har ta karɓi nonon raƙumi ta kurɓa. Sai ga wani farin zare ya tsaga sama can gabas. Can kuma ƙasa ta yi wani gurnani, raƙuma suka miƙe a firgice.

Ta kira Sallau.

"An sauya hanya," ya ce. "Izinin yinin kika sa wa hannu, ba na hanyar ba. Hanyoyi da yawa ne, Barira. Ke kuwa ɗaya ce."

Ta juya ta kama kafaɗar Tabawa, ta kai baki kusa da kunnenta.

"Inna! Akwai mutane a gabas?"

"Gabas?" Fuskar tsohuwar ta washe. "Can ɗiyata take aure. Yau ma suna suke yi."