Kwalliyar Uwar Mannir

"Inna, tsaya! Don Allah tsaya in ga wagga ƙafa!"

Hafiza ce mai wannan ihun, ranar da ta dawo Tambuwal hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Ko jaka ba ta ajiye ba ta durƙusa a tsakar gida ta kama diddigen uwarta tana jujjuyawa.

"Sake ni, marar kunya!" in ji Batula tana dariya. "Mi kika gani ga ƙafar tsohuwa?"

"Tsohuwa? Inna, faso na wanga ko gonar da ruwa yab bari? Kuma wa yac ce maki ke tsohuwa ta?"

Dariyar Batula ta ɗauke, ta koma kan tsintar shinkafarta. Wanda ya ce mata tsohuwa ai a gidan yake, sashensa na bayan katanga.

Batula dai ba ta daɗe da taka arba'in ba. Baƙa ce doguwa, mai wushirya, irin matan da a da in sun shiga gidan biki sai an bi su da kallo. Amma tun da mijinta ya rasu shekara shida baya, ta shiga takaba ta ƙi fitowa. Lokacin takabar ya cika, aka yi addu'a, aka watse, ita kuwa ta ci gaba da zama cikin koɗaɗɗen hijabi ruwan ƙasa. Kwalli ya bushe a tandu, kai ya manta da kitso, madubi ma ta juya fuskarsa bango.

Sai ga Alhaji Mu'awiya. Manomin shinkafa ne a Kebbe, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. A wani zaman gaisuwa ya ga Batula a gidan yayarta Tambaya da ke aure can, ya kuwa kasa mantawa. Ya aiko, ya sake aikowa, ya zo da kansa ya zauna a zaure yana magana a hankali, yana ba ta dariyar da ta manta tana da ita. Ba sai an ɓoye ba, Batula ta kamu da sonsa, so irin na manya, wanda ba ya hayaniya amma yana hana cin abinci.

Matsalar ɗaya ce, Mannir, ɗanta na fari.

Kowa ya san kunyar ɗan fari a wannan yanki, to ta Batula ta fi ta kowa tsanani. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi. Har ya girma ya yi aure, in za ta ambace shi sai dai ta ce "wancan". Shi ma ba ya haɗa ido da ita. Duk maganar da ke tsakaninsu Hafiza ce ke dakonta, ko da su ukun suna zaune a tabarma ɗaya.

Da yammacin ranar Mannir ya shigo, ya tsaya a bakin ɗakin uwarsa yana kallon rijiya.

"Hafiza, ki gaya mata mutumen Kebbe ya sake aikowa, na kuma ce ma ɗan aiken shi koma."

"Yaya, ga ta nan zaune fa, tana jinka."

"Na ce ki gaya mata! Matata na da tsohon ciki, yau ko gobe Inna ta zama kaka. Kaka da lalle? Kaka da ɗakin amarya? In fita majalisa a riƙa nuna ni ana ga wanda anka kai uwatai gidan miji? Wallahi ba da ni ba!"

Batula ta sunkuyar da kai. Amsoshi sun cika mata baki, amma yaya za ta yi? Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba.

"Ki gaya ma wancan na ji," abin da ta iya faɗa ke nan. Yana fita hawaye suka ɓalle mata, ta yi kuka har hijabin ya jiƙe.

A shari'a ba ta bukatar izininsa, yayanta namiji ne waliyyinta, kuma ya amince tuni. Sai dai Batula ta rantse ba za ta shiga ɗakin wani ta bar ɗanta da baƙin ciki ba. Da Mu'awiya ya kira ta a waya, abin da ta gaya masa ke nan.

"Hajiya, ni mai jira na," ya ce. "Amma ba ni ɓoye maki, dangi sun tasa ni gaba. Sun ce in anka gama girbi ban kawo ki ba, su za su zaɓa mani. Ni kau ke nika so, ba wata ba."

Hafiza da ke kusa ta ji komai. Sai ta ɗauko abin awon jini daga jakarta ta ɗaura wa uwarta a hannu. Da ta ga abin da ya nuna sai ta zaro ido.

"Inna, jininki ya hau! Bar batun aure tukun. Daga gobe ni ad dokta a gidanga, kuma ba a yi ma dokta gardama."

Haka aka fara. Ta kai ta asibiti aka rubuta magani. Aka rage gishiri da dunƙulen miya, aka kori lemon kwalba, zogale da rama da kifi suka dawo kwano. Kullum da safe sai Hafiza ta tasa ta gaba su taka har bakin gari su dawo, Batula na haki tana tsine wa boko. Ruwa kuwa sai ta sha ko ba ta jin ƙishi, barcin rana ya zama dole.

Sannan aka shiga gyaran jiki. Ƙafa a jiƙa ta a ruwan ɗumi, a goge da dutse, a shafe da man kaɗe a sa safa. Fuska a wanke da sabulun salo, a bi da kurkum da madara. Wata maƙwabciya ta kawo wani kirim ta ce sati biyu zai mayar da ita fara sol. Hafiza ta karɓa ta jefa a kwandon shara a gabanta.

"Bilicin na! Shi ka ƙone fata, shi tsufar da mace tun ba ta shirya ba. Baƙin Inna ai shi na dizayin ɗinta."

Furfurar da ta fito a goshi ma Batula ta so a tsige, Hafiza ta hana, ta kwaɓa jan lalle ta shafa mata. Da aka wanke sai silin gashin suka fito jajaye suna ƙyalli. Ranar ce Batula ta juyo da madubin nan, ta daɗe tana kallon matar da ke ciki.

"Ashe ina nan," ta faɗa a hankali.

Mannir ba makaho ba ne. Ya ga fata ta yi sheƙi, ya ji ƙamshin turaren wuta yana tsallako katanga, ya ga kwalli a idon da bai taɓa kallo sosai ba. Sai ya daina cin tuwon uwarsa, kullum kwano ya dawo a rufe yadda aka kai shi. Wannan ya ƙona ran Batula fiye da faɗan da ya yi, amma ba ta fasa aika tuwon ba, ba ta kuma fasa gyaranta ba. Ana haka aka fara yankan shinkafa a fadamar Kebbe.

A makon ne Ni'imatu matar Mannir ta haifi ɗa namiji. Ana gobe suna saƙo ya iso ta bakin Hafiza: Mannir ya ce uwarsa ta saka hijabinta na kullum, ta zauna a ɗaki kamar yadda kakanni ke yi.

Washegari gida ya cika maƙil, 'yan Kebbe sun zo mota guda, na Dogon Daji da Sanyinna sun iso a kan babura. Ana tsakiyar rabon waina labulen ɗakin Batula ya ɗaga.

Atamfa ce shuɗiya a jikinta, ɗinki mai mutunci, da mayafi babba. Lalle ya kama hannu da ƙafa ya yi baƙi siɗik, diddige sumul, ɗaurin kallabi ya zauna daram. Ta tako a hankali, ba rawar kai, ba sunkuye-sunkuye. Sai guɗa ta tashi!

"Ayyiriri! Wagga wace ta?"

"Ke, uwar maigida ta fa!"

"Ƙarya kike! Sai dai yayatai!"

Yaya Tambaya ta miƙa mata jaririn tana tsokana: "To ga angonki ya zo, ya iske ki a shirye!" 'Yanmata suka yi caa da wayoyi, kowa na son selfi da ita.

Guɗar ce ta jawo Mannir daga waje. Ya tsaya turus, fuskarsa ta haɗe, ya juya yana neman ƙanwarsa.

"Hafiza! Ki gaya mata..."

"Mannir."

Duk matan suka juyo. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya waiga yana neman mai kiran, don bai san yadda sunansa yake a wannan muryar ba.

"Mannir, ni nak kira ka. Dube ni."

Ya ɗago. Karo na farko ke nan da suka haɗa ido.

"Tun ina yarinya nis same ka. Ban ɗauke ka gaban mutane ba, ban kira sunanka ba, ba don ba ni sonka ba, don kunyar da anka koya mani. Yau na aje ta, gobe in ɗauka. Allah da Yah halicce mu wata huɗu da kwana goma Yas sa ma mace takaba. Kai ka sa mani shekara shida. Na yi, ban ce komi ba. Ubanka na riƙe shi da amana har ƙasa tar rufe shi, kullum ina yi mai addu'a. To ni ban mutu ba, ɗana. Jikinga amana ta, sai na gyara shi. Kuma ina son Alhaji Mu'awiya, na faɗa da bakina. Amma ba ni taka ƙofar gidanai sai da yardarka."

Sai ga ƙato, uban jariri, ya zube a gaban uwarsa yana kuka wiwi.

"Inna, ba majalisa ba ta! Ƙarya nika yi! Ni ban tashi gabanki ba, sai da Baba yar rasu nis samu ina ganinki kullum. Shi na za a ɗauke ki a kai Kebbe..."

Batula ta miƙa wa Tambaya jaririn. Ta sa hannun nan mai lalle ta dafa kan ɗanta, a gaban kowa, abin da ba ta yi ba ko yana cikin zani.

"Kebbe ba bayan duniya ba ta. Ko can nike, ni uwarka ta."

Babu wadda ba ta share hawaye ba a gidan. Kafin la'asar Mannir ya tayar da babur ɗinsa, ya bar baƙinsa da ragon suna, ya kama hanyar Kebbe da kansa. A bakin masussuka ya iske Alhaji Mu'awiya, ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo ba da haƙuri, na kuma zo tambayar ranar da kuka so."

Ba a kai ga kwashe shinkafa daga gona ba aka ɗaura aure.

To 'yan'uwa mata, shekara arba'in ba kabari ba ce. Ki ci mai kyau, ki motsa jiki, ki nemi likita, ki riƙe fatar da Allah Ya ba ki, ki yi kwalliyarki cikin mutunci. Ku kuma 'ya'ya, ku ji tsoron Allah, kada ku haramta wa iyayenku abin da Ya halatta musu. Batula ta yi haƙuri, ba ta tsallake ɗanta ba, sai Allah Ya haɗa mata mijin da ɗan gaba ɗaya.

Ranar da za a kai ta, Mannir ya shigo da wani dogon madubi sabo fil a kafaɗa, ya jingine shi a jikin motar amarya. Batula ta leƙo ta cikin mayafi, ta kawar da kai kamar ba ta gan shi ba, kunyarta ta dawo wurinta.

"Hafiza," ta ce, "ki gaya ma wancan Allah Shi yi mai albarka."

"Ba sai ta gaya mani ba, Inna," in ji Mannir yana murmushi. "Na ji da kunnena."